Sandar da ke Ƙofar Wurin Ajiye Motoci

Ranar Asabar da ta wuce na shafe kusan rabin awa a ƙofar fita ta wurin ajiye motoci na wani babban kanti a Abuja, motoci fiye da goma sun yi layi a bayana, sandar da ke tare hanya kuwa ta ƙi ɗagawa. Na riga na biya kuɗin fakin da katin banki, har saƙon cire kuɗin ya shigo wayata, amma na'urar ƙofar ba ta ga biyan ba domin sabis ya ɗauke. Matashin da ke gadi, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, babu abin da yake maimaitawa sai, "Alhaji, a yi haƙuri, ba ni da ikon buɗewa sai oga ya zo."

Tsarin kansa ba shi da wuyar fahimta. Idan mota ta iso, na'ura takan fitar da tikiti mai ɗauke da lokacin shiga, ko kuma kyamara ta karanta lambar motar ta adana. A ƙarƙashin kwalta akwai zoben waya da aka binne, wanda yake jin ƙarfen mota idan ta hau kansa, kuma shi ne yake hana sandar sauka a kan motar da ba ta gama wucewa ba. Lokacin fita sai kwamfuta ta lissafa awannin da aka yi, ta tabbatar an biya, sannan ta ba sandar umarni.

Ina goyon bayan wannan tsari har cikin raina, domin na sha ganin yadda ake sa-in-sa da masu karɓar kuɗi da hannu, waɗanda farashinsu yake hawa gwargwadon tsadar motar mutum. Asalinsa ma maslaha ce: a shekarar 1935 aka kafa mitar fakin ta farko, wato na'urar gefen titi da ake jefa wa kuɗi gwargwadon lokacin da mota za ta tsaya, a birnin Oklahoma na Amurka, wadda Carl Magee ya ƙirƙiro, saboda ma'aikata suna barin motocinsu a gaban shaguna tun safe har yamma, masu sayayya su rasa wurin tsayawa.

Abin da yake damuna shi ne a kafa irin wannan na'ura a inda wuta da intanet ba su da tabbas, ba tare da tanadin ranar da za su ɗauke ba. Duk wanda ya ga wahalar taransifa lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san cewa wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Ya kamata maigadi ya kasance da mabuɗin ɗaga sandar da hannu da kuma izinin amincewa da rasit, musamman ganin cewa wata rana mara lafiya ne zai kasance a cikin layin.

Da ogan ya iso, ya duba saƙon bankin a wayata, ya rubuta lambar motata a wani littafi, ya murɗa mabuɗi a jikin akwatin da ke riƙe da sandar, ya ɗaga sandar da hannu ɗaya.