Wai me ya sa 27 da 15 ba su ba da 312 ba?

Shekara nawa ina lissafi, na yi firamare na yi sakandare yanzu ga ni a jami'a ina fama da kalkulas, amma wallahi ranar da ƙanwata ta tambaye ni dalilin da ya sa ake "kari wan" sai na yi tsuru-tsuru. Aikin gida aka ba ta, 27 + 15, ita kuma ta rubuta 312. Na ce ke wannan wane irin lissafi ne haka, ta ce Yaya ai 7 da 5 sha biyu ne, 2 da 1 kuma uku, to ga uku ga sha biyu, ina laifina? Na ce ba haka ake yi ba, 2 za ki rubuta ki ɗauki 1 ki kai sama. Ta ce saboda me? Na buɗe baki zan ce haka malam ya koya mana, sai na ji kunyar kaina na yi shiru.

Abin da ya fitar da ni ashana ce. Na zazzage kwali a kan tebur, muka dinga ɗaure tsinke goma-goma da roba, 27 ya zama ɗauri biyu da tsinke bakwai, 15 kuma ɗauri ɗaya da tsinke biyar. Da muka haɗa warwatsattsun sai ga sha biyu, kafin in ce komai ita da kanta ta ce ai waɗannan sun isa a ƙara ɗauri, ta ɗaure goma ta tura su wajen 'yan uwansu, biyu suka rage. Ɗauri huɗu da tsinke biyu, 42 ke nan. Ashe wannan 1 ɗin da na shekara goma sha ina kaiwa sama ɗauri ne guda na goma, shi ya sa gidan gomomi yake tafiya, don kowane gida ba ya ɗaukar abin da ya wuce 9.

Daga nan abin ya tsaya min a rai na shiga karance-karance. Wannan tsari na gida-gida da sifili daga Indiya ya fito, kuma wani masanin lissafi Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya yi rubutu a kansa a Bagadaza wajen shekarar 825, daga baya ya shiga Turai. Na gwada da lambobin Rumawa don in ga ko su ma suna kari, XXVII da XV, ka tara haruffan wuri ɗaya ka samu XXXVVII, V biyu kuma X ne, sai ya koma XXXXII wato 42 dai. Kun ga ɗaurin nan bai ɓace ba, kaya kawai ya canza. Kwamfuta ma haka take yi sai dai ita ɗaurinta biyu-biyu ne, shi ya sa a wajenta 1 + 1 ake rubuta shi 10.

Amma inda kaina ya ɗau zafi sosai shi ne tambayar da ke ƙasan wannan, wai shi kansa 2 + 2 me ya sa ya zama 4, ko dai haddacewa kawai muka yi? Akwai wani masanin lissafi ɗan Italiya Giuseppe Peano da ya fitar da ƙa'idojinsa na lambobi a 1889, yadda ake koyar da su yanzu ana farawa da sifili, sannan a ce kowace lamba tana da mai bi mata. Tarawa kuma doka biyu ce kacal: in ka tara sifili a kan lamba tana nan yadda take, in kuma ka tara mai bin wata lamba to daidai yake da ka tara ita lambar sannan ka matsa gaba taki ɗaya. To 2 + 2 shi ne mai bin 2 + 1, shi kuma 2 + 1 mai bin 2 + 0 ne, 2 + 0 kuwa 2 ne, sai ka dawo da baya, mai bin 2 sunansa 3, mai bin 3 sunansa 4. Shi ke nan fa. Tarawa ƙirge ne da aka gajarce, yaron da ke lanƙwasa yatsu ana masa tsawa abin da Peano ya rubuta yake yi, ni a ganina hana yara ƙirga da yatsu da wuri zalunci ne. Har 3 + 5 da 5 + 3 da muke ɗauka banza, a tsarin nan sai an kawo hujja kafin a yarda daidai suke. Wasu masana biyu 'yan Birtaniya, Russell da Whitehead, kam da suka so gina lissafi daga zallar mandiƙi, wato ilimin kafa hujja, a littafinsu na 1910 sai da suka ci shafi sama da 300 kafin su iso inda 1 + 1 = 2 zai fito, na leƙa shafin sau ɗaya na rufe, ba yau ba.

Da na gaya wa wani ɗan ajinmu sai ya ce to ɗigon ruwa ɗaya a kan ɗigo ɗaya ai ɗigo ɗaya ne, kuma ƙarfe 9 ka ƙara awa 5 ƙarfe 2 ne ba 14 ba. Mun jima muna gardama, daga ƙarshe dai muka tsaya a kan cewa tarawa tana aiki ne in abubuwan da kake ƙirgawa ba sa narkewa cikin juna, in ka auna yawan ruwan zai ninka ɗin, agogo kuma zagaye yake yi ya dawo bayan 12, dokarsa daban.

Jiya kuma ta zo min da 42 - 15, wai in 2 ba ta kai a cire 5 ba a wajen wa ake aro kuma yaushe ake biya. Na ce je ki ɗauko ashanar nan, wannan karon kwance ɗauri za mu yi.