Turmin ƙarshe idan ya fara ciwo, kada ku yi abin da na yi

Ƙannena, musamman ku 'yan shekara 17 zuwa 25, a wannan tsakanin ne turamen ƙarshe guda huɗu suke fitowa can ƙuryar baki, su ne suke cike haƙoran babba su zama 32. Wani nasa zai fito lafiya lau bai ma sani ba, wani kuma muƙamuƙinsa ba wuri sai haƙorin ya fito a karkace ko ya tsaya rabi waje rabi cikin dasashi, to irin nawa kenan.

Da ya fara min ciwo kemis na nufa, a ba ni maganin kashe zafi da kafso in sha ya lafa in manta, in ya dawo in tauna kanumfari, har asfirin na taɓa dannawa a wurin saboda wani ya ce yana kashe tsutsa. Babu wata tsutsa wallahi, dasashina kawai ya ƙone ya yi fari. Abin da ke faruwa shi ne akwai 'yar fata da ta rufe rabin haƙorin, abinci yana shiga ƙarƙashinta, burushi ba ya kaiwa, asawaki ba ya kaiwa, sai wurin ya ruɓe ya yi ruwa. Magani yana kwantar da kumburi amma fatar nan tana nan, shi ya sa yake ta dawowa. Ni sai da kuncina ya haye, bakina ya ƙi buɗuwa ko cokalin koko ba ya shiga sosai, sannan yayata ta tasa ni gaba zuwa sashen haƙori na asibiti a nan Katsina. Kuma wannan kumburin ba abin wasa ba ne, yana iya gangarawa ƙarƙashin haɓa ya toshe numfashi, in kun ga zazzaɓi ga haɗiye miyau yana wuya to a ranar ake tafiya, ba a jiran gobe.

Tsoro ne ya riƙe ni, don ana cewa cire haƙori yana taɓa ido. Ba gaskiya ba ne. Hoto ake fara ɗauka a ga yadda saiwar ta kwanta, don in turmin ƙasa ne akwai jijiya kusa da ita mai kai ji zuwa leɓen ƙasa, wannan kaɗai ya isa ya hana ku kai bakinku wurin mai cirewa a kasuwa. Allurar kashe wurin ake yi, za ka ji ana dannawa ana girgizawa amma ba zafi. In kana da ciwon suga ko hawan jini ko kana shan maganin tsinka jini ka faɗa tun kafin a fara.

Inda na ƙara cutar kaina shi ne bayan an cire. Likita ya ce in cije auduga kamar minti 30, kada in kurkure baki ko in yi ta tofarwa har awa 24, ni kuma ɗanɗanon jini ya dame ni, da na zo alwala na kurkure da ƙarfi na yi ta tsartar da miyau. Ashe gudan jinin da ya kwanta a ramin shi ne murfin ƙashi, na wanke shi. Raɗaɗin da ya biyo baya har cikin kunne, ga wari, ya fi na farkon nesa ba kusa ba, sai da na koma aka wanke ramin aka cusa magani.

Don Allah ranar farko ku bar wurin ya huta, ba sigari ba shisha, ba zuƙar lemo da tsinke, kunu ma a bari ya huce. Washegari ruwan ɗumi da ɗan gishiri a hankali bayan cin abinci, a tauna ta ɗaya gefen, tsire da kilishi su jira sai ramin ya fara rufewa.