Asabar ɗin da na kunna kwamfutar Baba

Sha ɗaya ta wuce yanzu, gida ya yi tsit, ni kuma barci ya ƙi zuwa. Bari in rubuta ko ƙirjina ya ɗan sauka.

Da murnata na tashi yau wallahi. Tun Laraba da masu gyaran kwano sunka sa munka fito da kayan ɗakin Baba nake ƙirga kwanaki. Kun dai san koren akwatin ƙarfen nan da Inna ba ta bari ko matsar da shi a yi, to can ƙasansa, ƙarƙashin rigar saƙi da tsoffin takardun jarabawa, munka tarar da ita naɗe cikin zanen atamfa. Commodore 64 ɗin da ya zo da ita daga Ingila a 1985 da anka tura su kwas, tun muna cikin jihar Sakkwato, don Kebbi sai 1991 anka yi ta. Ga ta ga tiransifomarta mai nauyin bulo, ga 'yar rakodarta, ga kaset uku. Biyu na wasanni ne da ya sayo can, na ukun nashi ne, da rubutun hannunsa da jan biro: MAKI 87. Yaya na gani ya ce a haɗa da tsohon fanka a ba 'yan gwangwan. Ban tanka mishi ba, na ɗauke abina na kai ɗaki.

Ban yarda na jona ta kai tsaye ba duk da fulogin irin namu ne mai ƙafa uku kuma wutar Ingila da tamu kusan ɗaya ce. Matsalar tana ga wannan tiransifoma. Wuta iri biyu take fitarwa, bolt 5 da bolt 9, kuma in ta tsufa ɓangaren bolt 5 ɗin kan haura sama ba tare da wata alama ba, ya ƙone ƙwaƙwalwar na'urar, ga shi an cike cikinta da wani abu kamar ƙaro ya daskare, ba a buɗewa balle a gyara. Shi ya sa ƙarfe tara na hau kabu-kabu da kwali a cinya sai kasuwa wurin Injiniya mai gyaran kayan lantarki.

Yana buɗe kwalin ya yi dariya ya ce wanga abu ai ya girme yaran shagona duka. Ya sa mita, 5.1, munka bar ta jone kusan rabin awa ta yi ɗumi ya sake aunawa, ba ta motsa ba. Ya ce yi amfani da ita yau amma kada ka saki jiki, bari in haɗa maka sabuwa cikin sati. Robar da ke juya rakodar ta narke ta zama kamar kwalta, ya goge da fetur a tsinken auduga ya ciro wata daga gawar wata rediyo ya sa. Sai maganar wayar hoto. A bayan kwamfutar akwai wani zagayayyen soket mai rami takwas, fulogin tsoffin rediyo mai ƙafa biyar yana shiga cikinsa daidai, ya tono guda a cikin gwangwanin tarkacensa, ya yanke wayar DVD, rawaya ya liƙe ta da darma a ƙafa ta 4, fara a ta 3 don sauti, ta 2 kuma ita ce as, wato wayar ƙasa. Ya ƙi karɓar kuɗin aiki, na wayar kawai ya karɓa, wai Baba ya koyar da ƙanensa lissafi. Har yanzu in na shiga gari sai na gamu da irin wannan.

Zafi yau ba a magana. Na sha ƙanƙarar zoɓo biyu kafin in iso gida Badariya.

A gida na ce sai na fara gwada ta hanyar eriya tukuna, don haka Baba ke yi da baƙi-da-farar talabijin ɗinmu ta da, yana murɗa wani ɗan maɓalli a hankali har rubutu ya fito daga cikin yayyafi. Filasmar falo tana da ramin eriya, na soka, na sa ta nemi tasha da kanta, ta zagaye har ƙarshe ta ce babu komi. Sau biyu. Talabijin ɗin yanzu in sigina bai yi mata yadda take so ba tsallake shi take yi kamar ba ta gani ba. Sai na shiga wurin nema da hannu, ɓangaren analog, na kai ta tasha ta 36, wato 591.25, nan ne waɗannan kwamfutocin na Turai ke fitowa. Sai ga shi.

Shuɗi mai duhu a tsakiya, shuɗi mai haske ya zagaye shi, rubutu a sama, 38911 BASIC BYTES FREE, a ƙasa READY, ga ɗan murabba'in nan yana ƙiftawa. Shekara arba'in. Na yi kabbara da ƙarfi har Maman Abba ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta ɗauka wani abu ya faru.

Hoton dai yana rawa, haruffa da inuwa a gefensu, ga wani shuuu a lasifika. Shuuu ɗin na gane shi, tsarin sautin Ingila daban yake da namu, a menu akwai BG akwai I, namu BG ne nasu I, ina mayarwa ya yi shiru. Amma rawar ba ta bari ba, sai na cire eriya na sa wayar Injiniya a ramin rawaya da fari na koma AV, nan hoto ya zauna daram. Ya dai baje ya yi faɗi kamar an ja shi ta kunnuwa, sai da na mayar da shi 4:3 ya koma siffarsa, baƙi ya rage a dama da hagu. Allah ya so tamu tana da ramukan AV, ta ɗakin Yaya HDMI kawai gare ta, da sai an nemo ɗan akwatin da ke juya sigina.

Abba ya manne da ni. Na koya mishi layi biyun da Baba ya fara koya min, 10 PRINT da sunansa, 20 GOTO 10, ya buga RUN da yatsa ɗaya, sunan ya cika talabijin yana ta gangarowa ba tsayawa. Da gudu ya tafi ya jawo Inna wai ta zo ta ga ya shiga talabijin. Ta shigo tana cewa angona mi kas samu haka, ta zauna bakin kujera da carbinta, ta daɗe tana kallon shuɗin nan ba ta ce komi ba. Sunan da ke gangarowa sunan Baba ne, wanda ban taɓa ji a bakinta ba tunda nake.

Da nan ranar ta tsaya da na ce ban taɓa Asabar mai daɗinta ba.

Na sa kaset ɗin wasa guda don gwaji, na buga LOAD, ta ce PRESS PLAY ON TAPE, na danna, fuskar ta share ta koma shuɗi fayau, jim kaɗan sai ga FOUND. Ke nan rakoda lafiya take. Sai na ɗauko na Baba, hannuna har rawa yake. Ku gane, ba wasa ne a ciki ba. Wani tsari ne da ya rubuta da kansa na haɗa makin ɗalibai, ya fitar da jimla da na ɗaya har na ƙarshe, dare da dare yana zaune kan tabarma da littafin BASIC, yaren da ake ba kwamfutar umarni da shi, a gefe, ni ina leƙe ta bayan kafaɗarsa har barci ya kwashe ni. Hotunansa muna da su, rigunansa muna da su, amma yadda yake tunani, yadda yake bin matsala daki-daki, wannan a cikin layukan nan kawai ya rage, ina son in buga LIST in karanta shi kamar yana magana. Tun Laraba abin da ke raina ke nan, ban faɗa ma kowa ba.

Kaset na juyawa, lamba na hawa, 020, 050, 090, fuska fayau, babu FOUND. Na mayar baya na sake. Haka dai. Ita wannan rakodar ba ta da lasifika, ba ka jin abin da ke ciki, sai na aiki Abba ya ɗauko rediyon Inna mai kaset. In akwai abu ciki ƙara za ka ji, tsiii mai tsinin nan. Na danna. Sai sallama, muryar mace, yarinya shar, tana gaida wani tana tambayar ya ibada ya baƙunta.

Inna ta ce, wagga murya ai tawa ta. Tana murmushi fa. Ta ce saƙo na niy yi ma kawunku sadda shina Makka, Auta tad dame ni da kuka sai nis sake wani, wanga nib bar shi. Na ce Inna a kan wannan kaset ɗin kunka ɗauka? Ta ce i, na sa shi rediyo nij ji shina ta kuka awa gyare, nic ce lalacewa yay yi.

Ban san sadda muryata ta hau ba. Na ce haba Inna, haba don Allah, kun san abin da kunka goge kuwa, duk kaset ɗin da ke gidan nan ba ku ga na ɗauka ba sai wannan, aikin shekara nawa ne, ai da sai ku tambaya. Na faɗi fiye da haka ma, ba zan rubuta ba. A gaban Abba, a gaban Maman Abba da ke tsaye bakin ƙofa tana yi min ido ban kula ba. Rediyo kuma na ta yi, muryar Inna ta da tana ba Kawu labarin an yi ruwa, gero ya yi kyau.

Ta bari sai da na kai aya. Sannan ta ce, a hankali, ba faɗa ba: Malam ya gani. Yad dawo makaranta yat tarar, yaj juya shi yaj juya shi, yac ce ba komi, shina da shi ga kai. Shi mai abun bai ɗaga min murya ba.

Ta dafa kujera ta miƙe, ta shafa kan Abba ta ce Allah shi yi muku albarka, ta fita.

Wannan maganar ce ta hana ni barci. Shi mai abun. Ni ina neman halin Baba a cikin kaset, ga wadda ta zauna da shi shekara talatin da wani abu tana faɗa min halin nashi a jimla ɗaya, kuma a daidai lokacin da na yi kishiyarsa. Na yi ta ƙoƙarin hango shi ranar, ya dawo a gajiye da alli a hannun riga, ya ga aikin darare da yawa ya tafi, a zamanin da duk garin da wuya ka samu mutum na biyu da zai gane ma abin da ya ɓata balle ya taya shi jaje, ya dubi matarsa da goyo a baya ya ce ba komi. Kuma bai taɓa ba mu labarin ba, ko da wasa, har ya koma ga Allah. Ya naɗe kaset ɗin ya ajiye tare da sauran, bai goge muryar ba alhali yana iya sake ɗaukar aikinsa a kai. Wannan ɗin ma sai da daren nan ya faɗo min.

Bayan magariba na shiga sashenta. Na tarar da Gwaggo ta zo, na jira har ta tafi, na durƙusa na ce Inna ku yi haƙuri da abin ɗazu. Ta ce mi anka yi? Ka ci tuwo? Ta tura min kwano. Wallahi da ta zage ni ya fi min sauƙi. Na ci loma uku don kada ta ce na ƙi, tana ta ba ni labarin awakinta kamar ba komi, amma ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, kuma na san Inna.

Hadari ya haɗo ta gabas da la'asar, iska ta watsa shi. Masu kwano sai Litinin. Yaya bai ji labari ba tukuna, zai ji.

Da kowa ya kwanta na sa kaset ɗin ƙasa-ƙasa na saurara daga farko. Minti tara ne ko goma. Ta gaida Kawu, ta lissafo waɗanda anka haifa da waɗanda sunka rasu a unguwa, ta ce yaron nan ya yi ƙyanda amma ya tashi har ya koma makaranta, ni ke nan, ta roƙi a yi mata addu'a a sayo mata zamzam da dabino. Can baya ana jin Auta na tsala kuka, da wani tari guda ɗaya na namiji da na mayar baya na saurara ya fi sau goma. Daga nan sai ƙat, sai tsiii ɗin ya ɓullo. Ashe ba duka ta goge ba. A takardar cikin kwalin Baba ya jera lambobi, 000, 038, 081, 140, kowace da kwanan wata, alamar sau huɗu ya ajiye aikin yana gyarawa. Ukun farko sun tafi. Na 140 ɗin mai yiwuwa yana nan.

Rakodar na gabana, kaset na hannuna, mintuna kaɗan ne aikin. Na kasa sawa. Na mayar da shi cikin rediyonta na juya shi farko, in anka sauko asuba zan kai mata da kaina in zauna, ko ta yi magana ko ba ta yi ba.

Abba ya sake buga layukansa kafin ya kwanta, ya ce kada in kashe. Batirin inbata ya fara ƙara, dole in kashe yanzu.