Godiya ga 'yan Kadunan Malesiya

Assalamu alaikum. Na iso Kaduna lafiya, ga ni a tsakar gidanmu a Tudun Wada, na ci tuwon Hajiya har na sha barcin gajiya. Kafin 'yan sannu da zuwa su cinye min lokaci, bari in biya bashin godiyar da na taho da shi.

Hutun Merdeka nake nufi, ranar da Malesiya, a lokacin ana kiranta Malaya, ta samu 'yanci daga Turawan Ingila, 31 ga Agusta 1957. Da yake ta faɗo ranar Lahadi, sai aka ƙara mana Litinin. Niyyata in kulle ɗaki in ƙarasa gyaran kundin digirina, don a lokacin ko magana ba na son yi da kowa. Asubar Asabar sai ga yayanmu na Unguwar Sarki yana buga ƙofa: "Kai, ɗauko jakarka, Melaka za mu." Yaya, Allah ya saka da alheri. Motarka, manka, kuɗin hanya duk kai ka biya, kuma tafiyar awa biyu daga Kuala Lumpur ta koma kusan biyar saboda cunkoso, ba ka yi tsaki ko sau ɗaya ba.

Mu bakwai ne. Gonakin kwakwar manja hagu da dama suka tayar da tsohuwar gardamar nan, wai daga wurinmu suka ɗauki iri. Har muka isa ba a raba ta ba.

Anti, godiyarki daban ce. Kukar da Hajiyarki ta aiko miki daga Kawo, kina ta tattalinta wata da watanni, ita kika juye mana a tukunya daren nan, da daddawa da man shanu. Muka zauna a ƙasa a gidan da muka kama haya, kwano ɗaya, ana mulmular tuwon shinkafa, kowa ya yi shiru. Ni dai na sunkuyar da kai ina cewa yaji ne ya sa min hawaye.

Washegari muka ga ƙofar tsohuwar ganuwar A Famosa da Turawan Fotugal suka bari bayan sun ci garin a 1511, da filin da Tunku Abdul Rahman, wanda ya zama firaministansu na farko, ya shelanta ranar 'yancin tun 1956. Tuta kuwa a kowace mota, kowane shago, har kan kekunan haya masu ado. Sai na tuna faretin 1 ga Oktoba a dandalin Murtala muna 'yan firamare, rana na dukanmu muna buga ƙafa. Magariba muka yi a masallacin nan na bakin teku, wanda idan ruwa ya cika sai ka rantse a kansa yake yawo. Malam na Rigasa, addu'ar da ka yi wa mahaifina a can ba zan manta da ita ba.

Wanda ya sa ni cin durian kuma, ɗan itacen nan mai ƙaya da wari, na yafe, amma rigar har yanzu tana wari.

Hajiya ta ce in gaishe ku duka, ta sa muku albarka. Ta ƙulla kuka, kuɓewa busasshiya da yaji. Duk mai komawa nan kusa ya yi min magana in kawo masa har gida.