Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gishirin Kawu Sale

A makon jiya na tsaya a kan rasuwar Inna, amma ba zan iya wucewa gaba ba sai na sauke abin da ya tsaya mini a rai game da Kawu Sale. Tun da kara ya tsone mini idon hagu a gona ina ɗan shekara tara, yaran unguwa suka laƙaba mini suna, na daina fita dandali. Kawu, wanda a lokacin yake yagar tikiti a wata silima ta Fagge, shi ya kama hannuna wani dare, ya zaunar da ni a bencin gaba, ya ce in dubi mutumin da ƙuda yake damu.

Fim ɗin kaboyi ne na Sergio Leone na 1968, inda 'yan bindiga uku suke jiran jirgin ƙasa. Ƙudan ya sauka kusa da leɓen mutumin, yana hura masa iska ya ƙi tashi, har ya rufe shi da bakin bindiga, ya toshe da yatsa, ya kara a kunne yana sauraren kukansa. Ba a jima ba jarumi ya harbe shi, amma a hanyar gida shi kowa yake kwaikwaya. Kawu ya ce, "Ɗana, ba a ganin gishiri a miya, sai ranar da babu shi. Idonsa irin naka ne."

Sai bayan na yi aure na san sunansa Jack Elam. An haife shi a jihar Arizona ta Amurka a 1920, kuma wani yaro ne ya soke masa idon hagu da fensir. Akawu ne a kamfanonin fim na Hollywood kafin aikin lissafi ya fara barazana ga idon da ya rage masa, ya koma gaban kyamara. Ya yi shekaru yana fitowa a matsayin mugu, a silima da talabijin, ciki har da shirin Gunsmoke, daga baya ya koma barkwanci. Ya rasu a Oregon a 2003.

Ni ma da na shiga wasan kwaikwayo, ɓarawo da maigadi da yaron boka aka riƙa ba ni, kuma ban taɓa rainawa ba, saboda gishirin Kawu. Abin da ban yafe ba shi ne na wani darakta da na yi wa kwana goma sha ɗaya cikin ranar bazara, kaset ya fito babu sunana ko a ƙarshe. Da na yi magana sai ya ce ai fuskata ta isa suna. Shi Elam ana rubuta nasa. Kawu yana kwance a lokacin, ya sa aka kunna masa kaset ɗin, ya jira har rubutu ya ƙare, ni kuwa na kasa haɗa ido da shi.