Saura ƙiris a wanke ni

Talata.

Da hantsi saƙo ya shigo mini ta WhatsApp daga lambar da ban sani ba, ta wata ƙasa ce ma. Wai ita jami'ar ɗaukar ma'aikata ce a wani kamfanin talla, sun ga takarduna a intanet, suna neman masu aiki daga gida na awa ɗaya ko biyu a rana. Wata huɗu ke nan ina watsa takardun neman aiki, har na manta wuraren da na tura, shi ya sa ban kawo komai a raina ba. Daɗi ma na ji.

Aikin bai taka kara ya karya ba. A turo maka bidiyo uku na YouTube, ka danna musu laik, ka ɗauki hoton allon wayarka ka tura. Na yi. Ko minti goma ba a yi ba sai ga alat. Kuɗin kaɗan ne, amma na gaske ne, sai da na buɗe asusuna na gan su da idona. Nan jikina ya saki.

Daga nan aka mayar da ni wani zaure a Telegram, mutane cike, kowa na liƙa hoton kuɗin da ya cira yana zuba godiya. Aka buɗe mini shafi a wata manhaja, duk aikin da na gama sai lambobi su hau. Abin kamar wasa, ga shi da shiga rai. Kafin azahar na gama ƙissima abin da zan samu a wata, har na fara kashe shi a zuci.

Sai aka ce aiki na gaba na musamman ne. Zan fara zuba kuɗina ta kirifto, wato kuɗin intanet, wani da ake kira USDT, a dawo mini da su da riba cikin rabin awa, kuma gurbi ya kusa cikewa. Nawa ba su kai ba, na kira Yaya in ranta.

Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ƙanwata, wa ya yi miki intabiyu?"

Na ce babu.

"Kin taɓa jin muryar matar? Ce musu kina son cire abin da kika tara tukuna."

Na ji haushinsa, gani nake hassadar ci gabana yake. Amma na gwada. Amsar ta zo nan take: ba a cirewa sai an kammala aikin musamman. Lambobin nan da nake ta kallo ashe zane ne kawai a allo. Ɗan abin da suka ba ni da safe koto ne, kuma Yaya ya ce sau da yawa daga aljihun wani da aka damfara yake fitowa. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai.

Da yamma na zauna bincike, aikin da ya kamata in fara yi. Na sa adireshin shafinsu a Whois, inda ake duba ranar da aka yi wa shafi rajista, ko wata guda bai yi da rajista ba, alhali sun ce kamfanin ya shekara goma. Na kuma ci karo da rahoton hukumar FTC mai kare haƙƙin masu sayayya a Amurka: kusan mutum 20,000 ne suka kai ƙarar irin wannan damfara a wata shida na farkon 2024, bayan a duk 2023 kusan 5,000 ne. Asarar damfarar aiki gaba ɗaya a wata shidan nan ta haura dala miliyan 220. Waɗanda suka iya cire kunya suka kai ƙara ke nan fa.

Yanzu abin da ke damuna, na ba su cikakken sunana da lambar asusuna. Allah ya taimake ni ban tura katin shaida ba, ban kuma ba da lambar sirrin da banki ke aikowa ba. Na adana hotunan hirarmu, na kai rahoton lambar da zauren, na toshe su. Gobe zan sanar da banki.

Da daddare wata sabuwar lamba ta turo: "Barka, mun ga takardunki." Ko waƙafi ba su canza ba.