Ranar da Ɗanladi ya koma ?anladi

Tun kakar bara nake riƙe da manhajar ƙungiyar manoman riɗi ta ƙauyenmu, nan ƙasar Gumel. Aikinta bai taka kara ya karya ba: wa ya kawo buhu nawa, nawa aka biya shi, nawa yake bi. Fuskar da ake gani a waya wani abokina ne ya tsara. Ni nawa can ciki yake, saba (kwamfutar da ke ɗauke da manhajar a intanet) da rumbun bayanai, inda ba a tunawa da mutum sai abu ya lalace.

Wata Laraba, ana haramar kasuwar Maigatari ta Alhamis, ma'ajin ƙungiya ya aiko yaro kirana. Na tarar da shi a gindin darbejiya yana jujjuya waya.

"Injiniya, wai wane ne wannan mai alamar tambaya?"

"Wace alama, Baba?"

Ya miƙo mini. ?anladi, buhu 14. Ƙasa da shi ?ahiru, can kuma ?asimu. Duk sunan da ke da harafi mai lanƙwasa, lanƙwasar ta tafi da harafin.

Na kwana ina zargin lambobin da na rubuta da yaren kwamfuta na Python, ashe ba ruwansu. Sabar da muke haya mai araha ce, MySQL 5.7, manhajar rumbun bayanai, ke kanta, shi kuwa in ba ka ce masa komai ba, sai ya buɗe maka teburi, wato jadawalin ajiye bayanai, da tsarin haruffa na latin1, wanda aka yi wa harsunan yammacin Turai. Jerin haruffan ma na mutanen Suwidin ne, don can aka haifi MySQL ɗin. Babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a ciki. Da an kunna masa tsauraran dokokinsa, da ya ƙi karɓa ya yi ƙorafi tun ranar farko. A tamu sabar a kashe suke, don haka ya karɓa baki alaikum, ya dangwala alamar tambaya, ya yi gum. Sai a fitowa ta 8.0, a 2018, masu MySQL suka mayar da utf8mb4, mai ɗaukar har da haruffanmu masu lanƙwasa, tsarin da ake tarar da shi tun asali.

Gyaran layi ɗaya ne ga kowane teburi. Amma ban yarda in taɓa na gaske ba sai na gwada a kwamfutata, wato sai na sauke MySQL ta manhajar Docker, ɗaruruwan megabait. A gida sandar netwok ɗaya ce ke leƙowa, sai na ɗauki kwamfuta na tafi bakin titi wurin mai cajin waya, na zauna kan benci ina kallon data tana zuba kamar an huda jarka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gyaran bai dawo da komai ba. Harafin da ya ɓace ya ɓace, rumbun bai ajiye shi a ko'ina ba. Littafin Baba ma'aji, wanda na sha yi masa tsiya a kai, shi ya fisshe mu. Bayan isha muka baje tabarma, yana karantowa da tocila ina gyarawa ɗaya bayan ɗaya. Bai ce mini ko kala ba, murmushi kawai yake yi, kuma na fi son a ce zagina ya yi.

Ina murna an gama, sai ga matsalar nema. Yawancin mutanenmu ba su da madannin Hausa a waya. Wani ya rubuta Danladi, wani D'anladi, rumbun ya ce bai san su ba. Kuma yana da gaskiya, ai kafa daban ƙafa daban, kara daban ƙara daban. Na ƙara gurbi na biyu a ɓoye, inda ake ajiye sunan ba lanƙwasa ba waƙafin sama, a can ake nema, sannan a nuna wa mutum sunan yadda yake. Baƙinmu na Nijar kuma ƴ suke rubutawa inda muke sa 'y, shi ma na cusa shi.

Waƙafin saman nan kuwa ya taɓa kunyata ni tun ina sabon shiga. Ina haɗa umarnin SQL, yaren da ake magana da rumbun da shi, da hannu, ina manna suna a tsakiya, ranar da aka shigar da Sa'idu komai ya tsaya cak, don rumbun ya ɗauka zancen ya ƙare a Sa. Ta wannan ƙofar ɓarayin intanet ke shigowa, amma ni Sa'idu ne ya koya mini in riƙa miƙa sunan daban, umarnin daban.

Yanzu duk rumbun da na buɗe, kafin komai sai na shigar da Ɗan'azumi in ga yadda zai fito. Shi kuwa Ɗanladi, sunansa ya dawo daidai a waya, amma a majalisar gindin darbejiya har yau Mai Alamar Tambaya suke ce masa, kuma yana amsawa.